Guiwar da Ta Yi "Ƙas" Ba Tare da Kowa Ya Taɓa Ta Ba



Bara, a wani filin ƙwallo a Sabon Birni, wani ƙanena ya yi tsalle ya sa kai, yana dira sai muka ji "ƙas". Wallahi babu wanda ya taɓa shi. Kafin magariba guiwa ta kumbura suntum. Aka kai shi wajen mai ɗori, ya lalluba ya ce ƙashi lafiya lau. Gaskiya ya faɗa. Abin da ya tsinke jijiya ce a can cikin guiwa, wadda likitoci ke kira ACL, mai hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Har yau in ya ɗauki buhun gero, ƙafar sai ta goce.

Masu nazarin motsin jiki sun daɗe a kan wannan. Sukan manna wa ɗan wasa alamomi a gaɓoɓi, su ɗauke shi da kyamarori, su sa ya dira kan wani faranti mai auna nauyin da ƙafa ke dukan ƙasa da shi. Sun gano mafi yawan tsinkewar jijiyar nan ba a karo take faruwa ba. A dira ne ko juyawa da sauri, ƙafa a miƙe, guiwa ta karkata ciki.

To, ku duba 'yan kokawarmu na Gobir, da na hayin Maraɗi masu neman Takobi, gasar da Nijar ke yi tun 1975. Ɗan kokawa ba ya tsayawa ƙiƙam. Yana lanƙwasa guiwa, ya sauke ƙugu, ya buɗe ƙafa, sai cinya da ɗuwawu su shanye nauyin, jijiya ta huta. Kun gane?

Irin wannan ne ake koyarwa a atisayen FIFA 11+, ɗumama jiki na minti 20 kafin horo: gudu a hankali, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tsalle da dira a natse. A 2008 an wallafa gwajin da aka yi a ƙasar Norway kan 'yan mata 'yan ƙwallo kusan 1,900, rauni ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba ya buƙatar komai sai fili da ƙwallo.

Mu nan Isa da Sabon Birni, kun san yadda hanya take yanzu. Zuwa Sakkwato hoton guiwa ma aiki ne, balle tiyata da jinyar wata 9 ko fiye. Don haka kyaftin-kyaftin na unguwa, ku sa ido: guiwa ta bi saitin yatsun ƙafa, a dira a lanƙwashe. In kuma ta yi ƙara ta kumbura nan take, kar a ce "daure ka koma". A fitar da shi, a nemi asibiti.

Ku tura wa mai horar da ku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.