Kunya Ce Ko Raina Kai? Gyara a Ma'aunin Zuciyar Matasa

Malaman sakandare a Kawo da Malali da Unguwar Rimi da ke Kaduna sun saba da baƙuncin ɗaliban jami'a masu binciken kammala digiri, waɗanda kan shigo aji da damin takardun tambayoyi su raba wa yara. Idan binciken ya shafi yadda matashi yake ganin darajar kansa, da wuya a rasa wani ma'auni mai jimla 10 a ciki. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Morris Rosenberg, shi ya fitar da shi a 1965, bayan ya gwada shi a kan ɗalibai sama da 5,000 a makarantu 10 na jihar New York. Jimla biyar na yabon kai ne, biyar na kushe kai. Yaro zai nuna ko ya yarda ƙwarai, ko ya yarda, ko bai yarda ba, ko sam bai yarda ba, sannan a tara maki. Sauƙinsa ya sa ya zaga duniya.

To, ga yarinya 'yar aji biyar da biro a hannu, takarda tana tambayarta ko tana ganin tana da kyawawan halaye masu yawa. Tun tana goye take jin cewa yabon kai jahilci ne. Ko tuwonta aka yaba a gida, sunkuyar da kai take yi ta ce ai Umma ce ta haɗa miyar. Hannunta ba zai tafi kan "na yarda ƙwarai" ba, sai ta lallaɓa ta zaɓi na ƙasa da shi. Mai bincike ya koma ya rubuta cewa ba ta ɗauki kanta da daraja ba. Alhali ita ce ke riƙe da kuɗin adashen mahaifiyarta, ita ke shirya ƙanne huɗu zuwa Islamiyya, kuma idan ta shiga kasuwar Kawo cefane, mai tumatir ya san ba ya cutarta ko da naira ɗaya. Abin da takardar ta auna a nan tarbiyya ce.

A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan wanda Bahaushe yake kira mutumin kirki, ya jero halaye irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi da mutunci. Kusan dukkansu abubuwa ne da jama'a ke shaidar mutum da su. Ba shi ke furta su da bakinsa ba. Darajar yaro a wurinmu tana rataye da "ɗan gidan wane ne", da abin da malaminsa da maƙwabta suke faɗa a bayan idonsa. Ma'aunin Rosenberg kuwa ko sau ɗaya bai ambaci uwa ko uba ko dangi ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A Vietnam da Sin da Japan, inda koyarwar Confucius ta ɗora tawali'u da biyayyar iyaye sama da komai, masu bincike sun daɗe suna fama da wannan. A 2005 David Schmitt da Jüri Allik sun wallafa sakamakon gwada ma'aunin a ƙasashe 53, Japan ta zo can ƙasa, kuma suka lura cewa jimlolin kushe kai ba fahimta ɗaya ake yi musu a ko'ina ba. Akwai guda da ke tambayar ko mutum yana fatan ya ƙara girmama kansa. A Amurka, wanda ya ce e, an ɗauka yana da rauni. A Asiya da dama sun ɗauke ta a matsayin burin kirki. Ni ma da ni aka tambaya, e zan ce.

Sai dai kada wani ya fake da wannan ya ce yaranmu lafiya lau suke. Kunyar da ke ruɗar ma'auni ita ce kuma ke rufe wa iyaye ido. Yaron da kullum ake kira daƙiƙi a gaban ƙannensa, wanda ya faɗi JAMB sau biyu ana yi masa gori da ɗan maƙwabta, shi ma shiru yake yi, shi ma "ba komai" yake cewa. Haka yarinyar da ta fara shafa man bilicin a ɓoye saboda abin da take gani a TikTok. Daga nesa duk masu ladabi ne. Bambancin yana nan: mai kunya yana noƙewa a gaban manya, amma cikin sa'o'insa yana dariya, yana gardama, yana neman a ba shi ƙwallo. Wanda ya raina kansa ko cikin abokai a takure yake, ya daina gwada abin da a da yake so, barcinsa da cin abincinsa sun canza, kuma idan ya ce "ni ban iya komai ba" har zuciyarsa yake nufi.

Maganin kuma ba kirari ba ne. Wani babban nazari da Roy Baumeister da abokan aikinsa suka fitar a 2003 ya nuna cewa kumbura wa yaro kai ba ya ƙara masa maki a jarrabawa. Galibi nasarar ce ke haifar da yarda da kai. A ba shi aikin da zai iya, a bar shi ya gama, a faɗa masa abin da ya yi daidai. A yi masa faɗa kan laifin, a bar zagin halittarsa.

Ga malaman Jami'ar Jihar Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya: kafin ku sa hannu a kan wani kundin da ya ce matasan Kaduna ba su yarda da kansu ba, ku tambayi ɗalibin da wane harshe yaran suka amsa, ko malaminsu yana tsaye a kansu lokacin, kuma ko ya zauna ya yi hira da ko da goma daga cikinsu.