Rashin Farin Wata: Yadda Rashin Fitattun 'Yan Wasa Ke Rage Masu Kallo, Daga Filin Golf Zuwa Gidajen Kallo na Jimeta

Gabatarwa

Duk wanda ya saba ratsa unguwannin Jimeta irin su Jambutu da Dubeli da Luggere da yammacin Asabar ko Lahadi, ya san allon nan da ake jinginewa a ƙofar gidan kallon ƙwallo, an rubuta wasannin ranar da alli. Allon sunayen ƙungiyoyi yake ɗauke da su, amma tambayar da matashi ke yi kafin ya zaro kuɗinsa ita ce, “Wane zai buga kuwa?” Idan aka ce ya ji rauni ko an ajiye shi a benci, sau da yawa sai ka ga ya maida kuɗinsa aljihu ya nufi teburin mai shayi. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana dalilin da ya sa rashin mutum ɗaya tak ke iya kwashe jama'a daga gaban talabijin. Za a kafa hujja da wasan golf, domin a can ne aka fi auna lamarin da alƙaluma, sannan a dawo gida a ga yadda abin yake a Yola da Jimeta.

Kalmar “Tauraro”

Da yake mu ɗaliban harshe ne, ya kyautu mu ɗan tsaya a kan kalmar kanta. Kiran fitaccen ɗan wasa da sunan tauraro sabon abu ne a Hausa, fassarar kai-tsaye ce daga Ingilishi wadda kafafen watsa labarai da masana'antar finafinai suka yayata. Kafin zuwanta Bahaushe na da gwani da zakara da gwarzo da shahararre. Abin sha'awa ma shi ne, a tunanin Bahaushe na asali tauraro ba shi ne a gaba ba. Karin magana cewa ta yi, “Rashin farin wata tauraro ke haske.” Ke nan wata shi ne gwani, tauraro kuwa ɗan maye gurbi ne wanda ba a lura da shi sai babban ya kau. Yau an wayi gari ma'anar ta juya, har mun karɓe ta ba mu ankara ba. Ɗalibin da ke jin Fulfulde, kamar yadda da yawanmu a Adamawa ke ji, yana iya gwada kalmar hoodere a irin wannan muhalli ya ji ko kunnensa zai amince.

Haka kuma dogaro da sunan gwani wajen tara jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A fagen dambe, sanar da sunan ɗan damben da zai shiga fili shi ke cika gida tun kafin a buga kalangu. Shahararsu kuma makaɗa ke ƙara rura ta, kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago.

Golf da Tiger Woods

Golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wasa ne da ake buga 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Fili na da ramuka 18, kuma wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya yi nasara. Manyan gasanni kwana huɗu ake yi, daga Alhamis zuwa Lahadi, wato ramuka 72 ke nan. A Arewa akwai filayensa a Kano da Kaduna da Jos, sai dai bai zama wasan talaka ba, saboda tsadar kayansa da kuɗin shiga kulob.

A Amurka kamfanin Nielsen ne ke ƙididdige yawan gidajen da suka kunna wani shiri, kuma da wannan lissafi ake yanka farashin talla. A watan Afrilun 1997 wani matashi ɗan shekara 21 mai suna Tiger Woods ya lashe gasar Masters a garin Augusta da tazarar bugu 12. Shi ne baƙar fata na farko da ya taɓa cin wannan gasa. A ranar ƙarshe kimanin kashi 14 cikin 100 na gidajen Amurka masu talabijin sun kalli wasan, adadin da ya zarce na duk wata gasar Masters da ta gabace ta. Mutanen da ba su taɓa riƙe sandar golf ba, ba su ma san ƙa'idarsa ba, suka koma zama gaban akwati ranar Lahadi.

Ba a san iyakar nauyin da yake ɗauke da shi ba sai da ya kwanta. A watan Yunin 2008 ya ci gasar US Open da gwiwa mai ciwo, bayan 'yan kwanaki aka yi masa tiyata, bai dawo ba sai Fabrairun 2009. A cikin waɗannan watanni takwas, gasannin da ya saba bugawa sun yi asarar kusan rabin masu kallonsu. Gasar PGA Championship ta watan Agustan 2008, wadda Padraig Harrington na ƙasar Ireland ya ci, masu kallon ranar ƙarshenta sun ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da ta 2007 wadda Woods ya lashe. Ba wai Harrington bai iya ba ne, domin a watan Yuli na wannan shekara ma shi ya ci babbar gasar Birtaniya. Iyawa daban, farin jini daban. A 2014 ciwon baya ya hana Woods shiga Masters, masu kallon ranar ƙarshe suka ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Da ya dawo ya ci gasar Tour Championship a Atlanta a Satumban 2018, bayan shekara biyar bai ɗauki kofi ba, sai adadin ya ninka na shekarar da ta gabata har sau uku.

Me ya sa golf ya fi sauran wasanni jin jiki? Dalili na farko shi ne babu ƙungiya a cikinsa. Mai goyon bayan Arsenal yana tare da ita ko wane ne ya sa rigar, domin rigar yake so, da tarihinta, da gardamar da yake yi da abokai a kanta. A golf babu riga, babu gari, mutum ne tsurarsa; idan ya fita, ba abin da ya bari da za a riƙe. Na biyu kuma, a gasa ɗaya ta yau da kullum 'yan wasa fiye da ɗari ke warwatse a faffaɗan fili, kyamara ba za ta iya nuna kowa ba. Dole mai shirya hoto ya zaɓi wanda zai bi, shi kuma mai kallo yana bukatar fuskar da ya sani domin wasan ya zame masa labari mai jarumi. In babu wannan fuska, abin da ya rage masa shi ne wasu mutane da ba a sani ba suna tafiya a kan ciyawa.

Akwai wani nau'in rashin da ba ciwo ke kawo shi ba. A watan Yunin 2022 aka fara sabuwar gasa mai suna LIV Golf da kuɗin asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya. Ta janye manya irin su Phil Mickelson da Dustin Johnson da Bryson DeChambeau, daga baya kuma Jon Rahm a Disamban 2023. Hukumar PGA Tour ta dakatar da waɗanda suka tafi. Sakamakon haka gwanaye suka rabu gida biyu, suka daina haɗuwa sai a manyan gasanni huɗu na shekara. Ita PGA Tour masu kallonta sun ragu a 2024, ita kuma LIV ba ta samu wani abin kirki a talabijin ɗin Amurka ba. An raba gari, kowa tuwonsa bai kai ba. Ko a Masters, inda kowa ke halarta, ranar ƙarshe ta 2024 ta samu masu kallo kimanin miliyan 9.6, alhali a 2023 sun kai miliyan 12. A 2025, da Rory McIlroy ya ci kofin da ya yi fiye da shekara goma yana nema domin cike manyan huɗun, adadin ya koma wajen miliyan 12.7. A nan za a ga cewa zuwan gwani kaɗai bai wadatar ba, sai yana cikin masu takarar kofi a ranar Lahadi, kuma akwai wani abin da zai samu ko ya rasa.

Gidajen Kallo a Jimeta da Yola

A nan gida ma'aunin mai gidan kallo shi ne bencinsa. Dubawa ɗaya zai yi ya san ko yau an ci riba. Kuma halin da yake ciki ya fi na babbar tashar talabijin tsanani, domin kuɗin da yake kashewa ba ya raguwa don jama'a sun ragu. Kuɗin DStv na wata sai ya biya. Hayar wuri sai ya biya. Janareta kuwa man da zai sha a minti casa'in ɗaya ne, ko mutum goma ke zaune ko ɗari, ga fankoki da ba a isa a kashe ba a zafin Yola na watan Maris da Afrilu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 wannan nauyi ya ƙaru ainun. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, gidan na cin mutum 80, kuma sai 50 sun shiga kafin a maida kuɗin da aka kashe. Idan rashin ɗan wasa ɗaya ya hana mutum 30 zuwa, to ba kashi ɗaya cikin uku na riba ya tafi ba, ribar ce gaba ɗaya ta tafi. Waɗannan talatin ɗin kuma ba su ne 'yan gani-kashe-nin ƙungiya ba; su waɗancan ko ana ruwa za su zo. Masu zuwa don ganin mutum ɗaya ne, da abokan da suke jawowa, da masu zuwa don su ga ya kunyata su samu abin tsokana. Mai tsire da mai sayar da ruwan leda da ke bakin ƙofa su ma a kansu suke ci.

Tarihin kallon ƙwallon Turai a Nijeriya cike yake da shaidar haka. Ɗimbin magoya bayan Arsenal na yau sun samo asali ne daga zaman Nwankwo Kanu a can daga 1999 zuwa 2004. Bolton Wanderers ƙungiya ce da ba ta da wani suna a nan, amma daga 2002 zuwa 2006 an riƙa neman wasanta saboda Jay-Jay Okocha. Yana barinta aka manta da ita kamar ba a yi ba. Chelsea kuwa ta riƙe mutanen da Mikel Obi ya taimaka ya kawo mata daga 2006, domin ta ci gaba da cin kofuna. Bambancin waɗannan biyu abin lura ne: tauraro yana kawo mai kallo, amma sai ƙungiya ta samu abin da za ta riƙe shi da shi.

Babban misali shi ne hamayyar Cristiano Ronaldo da Lionel Messi a Sifaniya, daga 2009 zuwa 2018. Shekara tara karawar Real Madrid da Barcelona ta kasance ranar kasuwar masu gidan kallo, matasa sun rabu biyu, kuma gardamar ba ta ƙungiya ba ce kawai, ta wa ya fi wani ce. A Yulin 2018 Ronaldo ya koma Juventus. A ranar 28 ga Oktoban wannan shekara aka yi karawar farko tun 2007 da babu ko ɗayansu, domin Messi ya ji ciwo a hannu. A Agustan 2021 shi ma ya bar Barcelona zuwa Faransa. Wasan bai mutu ba, kamar yadda golf ya kusa suma a 2008, saboda rigunan biyu na da nasu masoya, kuma sababbin fuskoki irin su Vinicius da Lamine Yamal sun taso. A nan karin maganarmu ta farin wata ta yi aiki yadda Bahaushe ya faɗe ta.

Sai dai tafiyarsu ta gaba ta fito da wata matsala mai kama da ta LIV. Ronaldo ya fara bugawa Al-Nassr ta Saudiyya a Janairun 2023, Messi kuma ya koma Inter Miami ta Amurka a Yulin 2023. Haƙƙin nuna gasar Saudiyya a wannan shekara kamfanin StarTimes ya saye shi a yankinmu, gasar Amurka kuwa kamfanin Apple ya kama ta yana nunawa ta intanet. Mai gidan kallon da ke son riƙe masoya Ronaldo a lokacin sai ya ƙara wata na'urar da wani kuɗin wata. Messi kuwa agogo ne ya raba shi da benci: wasan da aka take da ƙarfe bakwai da rabi na yamma a Miami, a lokacin bazara sha biyu da rabi na dare ne a Jimeta. Ba mai tada janareta a wannan lokaci, maƙwabta ma ba za su lamunta ba. Masoyansa sai suka koma kallon guntayen bidiyo a waya da safe, inda sisinsu ba ya shiga aljihun mai gidan kallo.

Gasar cikin gida ita ce ta fi kowa fama da wannan ciwo, domin da zarar yaro ya fara haske sai a sayar da shi waje, ba a bari jama'a su saba da sunansa. Ƙungiyarmu ta Adamawa United ta hau babban rukuni a 2019 ta sake faɗowa a 2021, kuma ko a lokacin da take sama, matashin Jimeta ya fi iya jero 'yan wasan Chelsea a kan nata. Da Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo bibbiyu a gasar cin kofin duniya ta 2014 da ta 2018, ya dawo Kano Pillars a Oktoban 2024, ya ci biyu a wasansa na farko da Sunshine Stars, kuma mutanen da suka daɗe ba su tambayi sakamakon gasar Nijeriya ba suka fara tambayar ranar da Pillars za ta sake fita.