Ranar da Kyanwar Lami Ta Yi Yakushi

In Bahaushe zai siffanta wanda ba ya cutar kowa, sai ya ce kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Tamu ma haka take, shi ya sa yara suka laƙaba mata Lami. Shekara huɗu tana kwana a bakin ɗakin hatsi, ɓeraye suka yi mana ƙaura, ba ta taɓa fito wa ɗan gida da farce ba. Sai da ta kwanta ciwo na san ban gama saninta ba.

Ciwon ma ba da wuri muka gane shi ba. Kyanwa maharbiya ce, amma ƙarama, kuma a dajin da kakanninta suka fito, wanda ya nuna rauni shi ake ci. Asalinta kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma ta daɗe tare da mutum, don a tsibirin Saifurus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, mutum da kyanwa kwance kusa da juna. Duk da wannan daɗewa, ba ta bar ɗabi'ar ɓoye ciwo ba. Muna cewa mage mai kwanciyar ɗaukar rai, muna nufin lamɓon da take yi wa ɓera. Akwai wata kwanciyar kuma, wadda nata ran ne ke cikin haɗari: ta shige ƙarƙashin gado, ta daina lasar jiki, ta juya wa kifi baya. Kyanwar da ta kwana biyu ba ta ci ba, hantarta na iya taɓuwa, musamman mai ƙiba.

Inna ce ta fara magana, cikin tausayi. "Ɓalla mata rabin farasitamol mana, ai zazzaɓi ne." Allah ya sa na ce bari a fara kai ta wurin likitan dabbobi. Da na gaya masa shawarar, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni. "Malam, da ka ba ta, da yanzu wani zancen ake yi." Ya ce hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke warware wannan magani ya fitar da shi, kamar yadda tamu ke yi. Sai ya zama guba, ya ɓata jini har ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya yi duhu, fuska ta kumbura. Ana cewa mage rai tara gare ta, amma ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 na iya gamawa da ita. Haka wasu magungunan ƙuma da ake ɗiga wa karnuka, masu sinadarin famitirin, kan jefa kyanwa cikin karkarwa da farfaɗiya. Tausayin da babu sani a cikinsa, shi ya fi ba ni tsoro tun daga ranar.

Ya rubuta mana ƙwaya, muka dawo gida, aka shiga ana muzuru ana shaho. Na cusa ƙwayar cikin kifi. Ta cinye kifin tsaf, ta bar ta a kwano. Hancinta ya fi namu nesa ba kusa ba. Yara suka ce a sa zuma, kamar yadda ake yi musu. Sai dai kyanwa ba ta jin zaƙi. A 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka suka nuna cewa ƙwayar halittar da ke sa harshe ya ji zaƙi ba ta aiki a dangin kyanwa. Ɗaci kuwa tana jin sa sosai. Da na daka ƙwayar na kwaɓa da ruwa, ba tare da na tambayi likita ba, sai kumfa ta cika mata baki, yawu na dalala. Gabana ya faɗi, na ɗauka na kashe ta. Ashe ɗacin ne take ƙoƙarin fitarwa.

A rana ta biyu na kama ta da ƙarfi. Nan kyanwar Lami ta yi yakushi. Haƙora 30 gare ta, da farata 18 da take ɓoyewa cikin tafi sai buƙata ta taso, kuma haƙorinta siriri ne, yana shiga can ciki ya bar ƙwayoyin cuta, don haka cizonta ba abin rainawa ba ne, asibiti ake kai shi. Amma ba hannuna ya fi yi mini zafi ba. Kallon da ta yi mini daga bayan randa ne, kallon wanda aka ci amanarsa. Akuya a ɗure ta, ta koma kiwonta. Kyanwa kuwa tana riƙewa, in ta ji motsinka sai ta bar wurin.

Na koma wurin likitan, ya koya mini da hannunsa. A zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, a shirya komai kafin a ɗauko ta. A naɗe ta da zane ko tawul, kai kaɗai a waje. A dafa kanta ta sama, a ɗaga hancin a hankali; muƙamuƙin ƙasa zai ɗan saki da kansa. A sa yatsa kan ƙananan haƙoran gaba a buɗe, a ajiye ƙwayar can ƙarshen harshe, a rufe bakin, a shafa maƙogwaro. In ta lashi hancinta, galibi ta haɗiye. Sannan a bi da ɗan ruwa a sirinji marar allura, ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, domin busasshiyar ƙwaya kan maƙale a maƙoshi ta yi gyambo. A ƙarshe a ba ta abin da take so. Ya kuma ja kunnena kada in tsaya don na ga ta warware, sai kwanakin sun cika. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da ya gagare ni da kokawa, ga shi yana ƙarewa kafin minti ɗaya.

A waɗannan kwanaki na riƙa tuna abin da malamanmu ke karantarwa: matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, da sahabin da duniya ta fi sani da alkunyar da ya samo daga 'yar kyanwarsa, Abu Huraira. Dabbar da ke kewaya ɗakunanmu amana ce, kuma amanar ba ta tsaya a ƙashin kifi ba. Ta haɗa da neman sani kafin a ba ta magani, da sassauta hannu lokacin bayarwa, tunda ba ta da bakin da za a yi mata bayani ta gane.

Bayan ƙwayar ƙarshe, ta yi kwana uku tana kewaye ni. Ban bi ta ba, na dai riƙa ajiye mata abinci ina komawa gefe. A dare na huɗu ina zaune kan tabarma bayan Isha'i, sai na ji ta goga kanta a ƙafata, ta hau cinyata, ta fara wannan gurnani mai taushi da Inna ke cewa tasbihinta ne. Na ɗora mata hannun da ta yakusa, ba ta janye ba.