Layin 1961: Yadda alƙalamin masu rubuta doka a Yamai ke raba gardamar manomi da makiyayi a Dakoro

A gundumar Dakoro da ke arewacin jihar Maradi, idan shanu suka faɗa gonar gero kafin girbi, tambayar farko da doka ke yi ita ce: gonar tana kudu da Kwarin Tarka ne ko tana arewa? Idan kudu take, mai gona na da damar neman diyyar ɓarna. Idan arewa take, a bisa takarda, ba ya bin makiyayi ko dala.

Hukuncin ya samo asali ne daga doka mai lamba 61-05 ta ranar 26 ga watan Mayun 1961, zamanin Shugaba Diori Hamani, wadda ta shata iyakar noma ta arewa. Dokar ta hana buɗe sabbin gonakin damina a bayan layin, ta bar wa makiyaya damar ɗan noman abin kai wa baka, ta kuma keɓe noman dausayi. A wannan yanki Kwarin Tarka ne ake ɗauka a matsayin iyakar.

An san shugabannin da suka sa hannu a kan wannan doka da waɗanda suka biyo bayanta. Waɗanda ba a sani ba su ne ma'aikatan da suka zauna suka zaɓi kalmomin: masana shari'a na ma'aikatu, jami'an sakatariyar Code Rural, da ƙwararrun da ake ɗauka haya na 'yan watanni. Ba a zaɓe su ba, sunansu ba ya fitowa a jaridar gwamnati, amma abin da suka rubuta shi alƙali da hakimi ke dubawa idan rikici ya tashi a Kornaka ko Bermo.

Hanyar da daftari ke bi

A Nijar mafi yawan dokoki daga ɓangaren gwamnati suke fitowa. Ma'aikatar da abin ya shafa ce ke rubuta daftarin farko, ya wuce babbar sakatariyar gwamnati inda kwamitin tantance rubutun dokoki na COTEVET ke duba shi, sannan ya isa majalisar ministoci. A da, daga nan sai majalisar dokoki. Tun juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023 da ya kawo Janar Abdourahamane Tiani babu wannan mataki, shugaban ƙasa ne ke sa hannu doka ta fara aiki. Ke nan idanun da ke karanta daftari kafin ya zama doka sun ragu, nauyin da ke wuyan mai rubutu kuma ya ƙaru.

Dokar aikin gwamnati ta 2007 ta ɗora wa kowane ma'aikaci biyayya ga na gaba da shi da riƙe sirrin aiki. Waɗannan sharuɗɗa na da sauƙin faɗa. Wahalarsu na bayyana ne ranar da umarnin minista ya ci karo da abin da ma'aikacin ya ji da kunnensa a taron jin ra'ayin jama'a, kuma sirrin aiki ya hana shi gaya wa waɗanda suka halarci taron cewa an sauya maganarsu.

Mallaka ga wani, fifiko ga wani

A watan Oktoban 1991, ana tsakiyar Babban Taron Ƙasa a Yamai, aka kashe Fulani fiye da ɗari a Toda, cikin jihar Maradi, akasarinsu mata da yara. Ƙasa da shekara biyu bayan haka, a ranar 2 ga watan Maris na 1993, aka fitar da doka mai lamba 93-015 wadda ta kafa ginshiƙan Code Rural, kundin da ke tsara filaye da ruwa da makiyaya a karkara. Daga cikinsa ne aka samu hukumomin filaye da ake kira COFO, tun daga gunduma har ƙauye.

A cikin kundin akwai zaɓin kalma guda da har yau ake rayuwa a ƙarƙashinsa. Manomi na iya samun mallakar gonarsa, ko ta gado ce, a ba shi takarda. Makiyayi kuwa, a yankin da ya saba zama mafi yawan shekara, abin da aka ba shi shi ne fifiko wajen amfani, ba tare da ikon hana wasu shiga ba.

Masu rubutun na da hujja. Da an ba kowane Bafillace ko Buzu mallakar makiyayarsa, da kowa ya killace tasa, kuma a shekarar da ruwa ya tsallake wani yanki babu inda dabbobinsa za su nufa. Kiwo a Sahel da tafiya yake rayuwa. Sai dai fifiko ba ya da ƙarfin takardar mallaka a gaban mai kuɗi. Wanda ya share fili ya shuka, cikin 'yan shekaru yana da abin nunawa. Wanda ya yi shekara arba'in yana kiwo a wurin, shedarsa ciyawa ce, kuma dabbobi sun cinye ta.

Layin da gonaki suka tsallake

Tun bayan farin 1973 da na 1984, ga kuma ƙaruwar jama'a a kudancin Maradi, gonaki suka yi ta hawa arewa har suka haye Tarka. Wasu na Hausawa manoma ne da ƙasa ta yi wa kaɗan a garuruwansu. Wasu na makiyayan ne da kansu, waɗanda dabbobinsu suka ƙare, ko suka fahimci cewa shuka ita ce kaɗai hanyar riƙe wuri.

Wannan shi ne abin da masu rubuta dokar kiwo suka tarar a kan teburinsu. An fara aikin a ƙarshen shekarun 1990, ya ɗauki sama da shekara goma ana tarurruka da sarakuna da jami'ai da ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN. Zaɓi biyu ne a gabansu, kuma kowanne da wanda zai yi kuka. Idan suka bar layin inda yake, dubban iyalai da suka haifi 'ya'ya a ƙauyukan arewacin Tarka sun zama masu karya doka. Idan suka matsar da shi arewa don ya dace da abin da ke ƙasa, sun halasta ƙwacen makiyaya, sun kuma koya wa kowa cewa wanda ya riga shuka shi ke da gaskiya.

Dokar ta fito a ranar 20 ga watan Mayun 2010 da lamba 2010-029, wata uku bayan sojoji ƙarƙashin Salou Djibo sun kifar da Mamadou Tandja. Ba ta bi ta majalisa ba. Ta ayyana zirga-zirga a matsayin haƙƙi na asali ga makiyaya, ta haramta wa kowa mayar da filin kiwo na jama'a nasa shi kaɗai, har ta sa tazara tsakanin mashaya: kilomita 15 ga rijiyoyin gargajiya, 20 ga na siminti, 30 ga na burtsatse. Waɗannan lambobi ba ado ba ne, domin a arewacin Dakoro wanda ke da rijiya shi ke da ciyawar da ke kewaye da ita.

Game da layin kuwa, aya ta 7 ta ce na 1961 na nan daram, kafin a sabunta shi bisa la'akari da sauyin yanayi da tsarin ƙananan hukumomi. Makiyayi ya karanta rabin farko ya ce ya yi nasara. Manomi ya karanta rabi na biyu ya ce lokaci kawai ake jira. Irin wannan jimla kan ceci daftari daga mutuwa a cikin aljihun tebur, amma rigimar da aka kauce wa a ofis tana komawa ne kan mai gari da jami'in COFO, waɗanda za su tsaya tsakanin mutum biyu masu riƙe da sanda. A shekarar 2011 masaniyar halayyar al'umma Clare Oxby, wadda ta daɗe tana bincike a yankin Dakoro, ta wallafa maƙala tana tambayar ko dokar za ta amfani makiyayan tsakiyar Nijar.

Akwai wata dabarar makamanciyar wannan, wato a rubuta cewa wata doka ta aiwatarwa ce za ta fayyace yadda za a yi. Dokar 2010 ta bar batutuwa da dama a haka, kuma sai a 2013 aka fara fitar da wasu daga cikin dokokin aiwatarwar. Mai rubutu ya fi kowa sanin cewa ayar da ke jiran wata takarda ba ta hana kowa komai.

Wa yake wa aiki?

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan siyasa da yawa na da garken shanu ko manyan gonaki. Ma'aikacin da ke da shanu ɗari a hannun makiyayin haya, aka ba shi rubuta ayar rijiyoyi masu zaman kansu ko ta kwasar ciyawa don sayarwa, yana rubuta dokar dukiyarsa ne. Abin da ya dace shi ne ya bayyana, a ba wani. Hakan na wuya a inda kowa ɗan wani ƙauye ne, kuma dangi na ganin kujerarsa a matsayin tasu.

Sai matsin lamba daga waje. Matasan da suka bi hanyar Agadez sun san doka mai lamba 2015-36 ta hana safarar baƙin haure, wadda aka rubuta da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka. Ta kai direbobi gidan kaso, ta tura matafiya zuwa hanyoyin sahara mafi haɗari, kafin a soke ta a watan Nuwamban 2023. Ƙwararren da wata hukumar waje ke biya, amma yake rubuta dokar da za ta hau kan ɗan Nijar, yana da iyayen gida biyu.

A maƙwabciya Najeriya ma an taɓo wani ɓangaren matsalar a watan Disamban 2025, lokacin da ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya yi zargin cewa dokokin harajin da aka buga a jaridar gwamnati sun bambanta da waɗanda majalisa ta amince da su. Tsakanin zauren majalisa da maɗaba'a, takarda a hannun ma'aikata take. Ingila ta keɓe wa wannan aiki ofishi na dindindin tun 1869, inda lauyoyi ke rubuta wa duk gwamnatin da ta zo, ba tare da sun zama 'yan jam'iyyarta ba.

Akwai kuma harshe. Duk waɗannan dokoki da Faransanci aka rubuta su, yayin da shari'ar ɓarna a Dakoro da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci ake yin ta. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa. Duk wanda za a ba fassara kalmar da ke nufin fifiko wajen amfani, idan ya rubuta "nasa ne" ko ya rubuta "aro ne", ya sauya dokar.

Nijar ta yi babban taro kan filayen karkara a watan Fabrairun 2018, ta kuma amince da sabuwar manufar filaye a 2021. Sabunta layin da aya ta 7 ta yi alƙawari na cikin ayyukan da ke jira, kuma kowace damina ana ƙara share sabbin gonaki a arewacin Tarka.