'YAN DAUDU DA DANGIN DA SUKA ƘULLA WA KANSU

Duk wanda ya saba sauka a tashoshin mota na ƙasar Hausa, ko a zangunan Hausawa na Kudu, da wuya a ce bai taɓa cin karo da ɗan daudu ba. Za ka tarar da shi gaban murhu, zane ɗaure a ƙugu, yana suyar kaji ko tuƙin tuwo, yana magana da karairaya irin ta mata. Jama'a sun san shi da iya girki da kaifin habaici. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, in dare ya yi ina yake kwana, in ciwo ya kayar da shi wa ke jinyarsa?

Ana danganta sunan daudu da Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin iskokin bori, gama tun da can 'yan daudu ba su rabuwa da wuraren wasan bori. Ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba, ko da yake akwai masu yi, waɗanda a tsakaninsu suke kiran juna "masu harka". Da yawansu sun yi aure, sun haifu, wasu har sun sauke farali.

Galibi labarin yakan fara ne tun yaro yana ƙarami. A ga ya fi son zaman madafa da wasan 'yan mata, a yi faɗa, a yi duka, a kai shi wajen malamai. In abin ya faskara, ko dai a kore shi, ko shi da kansa ya tattara nasa ya nasa ya shiga duniya. To, a nan ne wani babban ɗan daudu yakan tsince shi, ya ba shi wurin kwana, ya koya masa girki da ciniki. Daga ran nan wannan ya zama "uwa", yaron kuwa "'ya", sauran yaran ɗakin su ne yayye da ƙanne.

Wani masanin Amurka, Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da su a Kano cikin shekarun 1990, ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 2009. Mai lura zai ga cewa ba wani baƙon abu suka ƙago ba, zaman matan Hausawa suka ɗauka dungum: uwar ɗaki da 'yar ɗaki, ƙawance, da biki. In ɗayansu ya kira biki, 'yan'uwa sukan zo daga garuruwa masu nisa da gudummawa, shi kuma ya riƙe a ransa, domin biki bashi ne, ranar nasu sai ya rama. Ta haka ake haɗa jari, a biya kuɗin haya, a sayi magani, a yi belin wanda aka kama.

Kada mai karatu ya zaci zaman lafiya ne zalla. Akwai kishi da gori, akwai uwar da ke cin gumin 'ya'yanta, kamar dai yadda ake samu a kowane gida. Sa'an nan wannan dangi bai shafe na jini ba. Sau da yawa wanda aka kora shi ne daga baya ke aika wa mahaifiya kuɗin cefane, ya yi wa ƙanwa kayan ɗaki. Akan karɓi abin hannunsa, amma a ji nauyin ganinsa a zaure ranar suna.

Zamani ya ƙara tsananta musu. Bayan da jihohi 12 na Arewa suka kafa shari'ar Musulunci, Zamfara a gaba, Kano a shekarar 2000, an rufe gidajen mata masu zaman kansu da yawa, inda nan ne 'yan daudu suka fi samun mafaka da ciniki. Wasu suka yi ƙaura, wasu suka ajiye zane. A watan Janairu na 2014 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko goya musu baya. Ko da yake dokar ba ta ambaci daudu ba, ta sa kowane taronsu ya zama abin zargi, alhali kuwa taron nan shi ne asusunsu.

Malamai sun yi wa'azi, hukuma ta yi doka, kowa kuma yana da nasa ra'ayi game da daudu. Amma tambayar da ke gaban iyaye daban take. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da aka kora ba ya ɓacewa, wani ne zai ɗauke shi, ya ci da shi, ya zauna a kansa ranar ciwo. In ta Allah ta kasance, akan rasa wanda zai kai labari gida sai wannan uwar da ba ta haife shi ba. Allah ya ba mu ikon riƙe zumunci, amin.