Kasinosakoma ta Mahaifa: Me Ke Biyo Bayan Tiyata da Gashi?

Daga cikin ire-iren ciwon dajin da ke kama mahaifa akwai wani da likitoci ke kira kasinosakoma. Bai cika yawa ba, domin bai kai kashi 5 cikin ɗari na dajin mahaifa ba, amma yana da saurin yaɗuwa ƙwarai. Galibi yakan kama matan da suka haura shekara 60, kuma alamarsa ta farko ita ce zubar jini bayan ɗaukewar haila.

Idan aka duba ƙarin a madubin likita, akan ga ƙwayoyin halitta iri biyu a cakuɗe: masu kama da shimfiɗar cikin mahaifa, da masu kama da tsoka ko guringuntsi. Bincike ya nuna cewa galibi asalinsu ɗaya ne. Don haka tun shekarar 2009 ƙungiyar likitocin mata ta duniya, wato FIGO, take auna matakansa da ma'aunin dajin shimfiɗar mahaifa.

Tushen magani shi ne tiyata, inda ake cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai da kaluluwar da ke kewaye. Daga nan sau da yawa akan yi gashi, wato haska mara da wani haske mai ƙarfi don ƙone ragowar ƙwayoyin cutar.

To, shin gashi yana ƙara tsawon rai? Wani gwaji da ƙungiyar binciken daji ta Turai, EORTC, ta buga a 2008 ya nuna cewa gashi ya rage dawowar cutar a cikin mara daga kashi 47 zuwa kashi 24, amma bai ƙara yawan waɗanda suka rayu ba. Dalili kuwa shi ne, gashi yana aiki ne a inda aka haska kawai, alhali ƙwayoyin cutar kan riga su bi jini su sauka a huhu ko wasu sassan ciki. Wannan ya sa ake haɗawa da magungunan da ke zagaya jiki duka. A 2022 wani gwaji a Amurka ya tabbatar da amfanin haɗin kabofilatin da fakilitaksel, wanda a yau da shi aka fi farawa.

Duk da haka, babban abin da ke nuna makomar majiyyaciya shi ne matakin da aka tarar da cutar. Idan ba ta fita daga mahaifa ba, fiye da rabin matan kan kai shekara 5 a raye. Idan kuwa ta kai sassa masu nisa, da ƙyar mace ɗaya cikin goma ke kaiwa haka.

Saboda haka, jinin da ya dawo wa uwa ko kaka bayan ɗaukewar haila ba al'ada ba ce, ko da ɗigo ɗaya ne. Wajibi ne a garzaya da ita wurin likitan mata ba tare da jinkiri ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.