Ƙasar Dandi da Garuruwan Bakin Kogi

Ƙasar Dandi tana can ƙarshen kudancin Nijar, cikin jahar Doso. A nan ne ƙasashe uku suke haɗuwa: Nijar da Benin da Najeriya. Kogin Isa, wanda mutanen Najeriya suke kira Kwara, shi ne ya raba Nijar da Benin. Kogin ya taso daga duwatsun ƙasar Gine. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 4200. Cikin yaren Soŋai, ma'anar "dandi" ita ce inda ruwa ya nufa, wato gangaren kogi.

Mutanen Dandi

Cangawa suna cikin mutanen da suka fara zama a wannan ƙasa. Yelu da Bana tsofaffin garuruwansu ne, haka ma Kyangakwai ta Najeriya. Suna da yarensu, amma yau yawancinsu Hausa ko Dandanci suke yi.

Dandawa kuwa dangin Soŋai ne. A shekarar 1591 mayaƙan Maroko suka ci daular Soŋai da yaƙi a Tondibi. Sai wasu ƴan gidan sarautar Askiya suka biyo kogi, suka yo kudu. Askiya Nuhu ya tsaya a Dandi, ya yi shekaru yana faɗa da Marokawa. Shi ya sa Dandanci ya yi kusa da Zabarmanci ƙwarai.

Akwai kuma Hausawa da Zabarmawa da Fulani makiyaya. Sarkawa suna zaune a bakin ruwa, sana'arsu su. Ba abin mamaki ba ne a ga yaro ɗaya yana jin yare uku tun bai shiga makaranta ba.

Kwari biyu

Matafiyin da ya tashi daga Yelu zai fara da ganin kwari biyu: Dallol Mawri da Dallol Foga. Tsofaffin koguna ne da suka ƙafe tun zamani mai nisa. Ruwansu yana nan kusa, ƙarƙashin rairayi. Saboda haka rijiyoyin wurin ba su da zurfi, kuma ana noman rake da rogo da dankali da shinkafa. Ruwan sama ma ya fi yawa a nan. Gaya tana samun wajen milimita 800 a shekara, fiye da sauran manyan garuruwan Nijar.

A Dallol Foga ake yin gishiri. Da rani ana kankaro ƙasa mai gishiri, a zuba ta cikin kwando, a kwarara mata ruwa. Ruwan da ya tsiyayo shi ake dafawa har ya ƙone, ya bar gishiri. Aiki ne mai cin itace da yawa. A da, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna biyowa ta Dandi, suna sayen gishirin Foga, su kai shi ƙasar Bargu da gaba.

Dallol Mawri kuwa ya yi suna saboda giginya. Babu kurmin giginya a Nijar da ya kai nasa girma. Ana cin ƴaƴanta, ana dafa muruci, ana saƙa da ganyenta. Gangar jikinta ake tsagawa a yi azara, wadda gara ba ta ci da sauƙi. Hausawa suna yi mata kirari: "Giginya, na nesa ka sha inuwarki." Gaskiya ne, don azarar Dandi ta rufe ɗakuna a garuruwa masu nisa. Amma giginya tana shekaru da yawa kafin ta isa sara. Wanda ya sare ta yau, jikansa ne zai ga girman wadda aka shuka a gurbinta. Idan kuma aka haƙe kowane ƙwallo don muruci, ina za a sami sabuwar giginya?

Gaya

Daga Yelu ana fita Malgoru, a hau hanyar kwalta da ta taso daga Doso. Tsakanin Doso da Gaya akwai wajen kilomita 150. Daga Yamai kuwa kusan 300 ne. Gaya ita ce babban garin gundumar. Tana bakin kogi, a hannun hagu in an bi gangaren ruwa. Baƙo zai ga manyan ɗakunan ajiyar kaya da ofishin duwan da tashar motoci. A kasuwa akwai kifi ɗanye da banda: giwan ruwa, da tarwaɗa, da karfasa.

Abin da ya ɗaukaka Gaya shi ne gada. An gina gadar farko a 1958. Nijar ba ta da teku. Shekaru da yawa kayanta suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, sannan motoci su ɗauko su, su yi fiye da kilomita 700, su ƙetare gadar Gaya. A watan Yuli na 2023, bayan juyin mulki a Yamai, aka rufe iyaka. Manyan motoci suka yi ta jira a layi. Direbobi da ƴan dako da mata masu sayar da abinci suka rasa abin yi. Masu kwalekwale kuma suka koma fiton mutane da kaya, kamar yadda kakanninsu suka yi kafin a gina gada.

Malanbil da Karimama

Malanbil tana tsallaken kogi, cikin ƙasar Benin. Ta sami sunanta daga wani gwamnan Faransawa na Dahome, Malan. Kusa da ita ne kogin Sota yake zuba cikin Isa. Kasuwarta tana cikin mafi girma a Benin. Ana sayar da albasa da masara da doya da garin rogo da atamfa. Kuɗinsu sefa ne, irin na Nijar, kuma da Dandanci ko Hausa mutum zai yi cinikinsa ya gama.

In an hau kogi daga Malanbil, sai Karimama, tsohon garin Dandawa. A wannan yanki akwai tsibirin Lete, mai ciyawa da ƙasar noma. Nijar da Benin sun daɗe suna gardama a kansa. Daga baya suka yarda su kai maganar kotun duniya da ke La Haye, a ƙasar Holan. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotu ta yanke shari'a. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16, har da Lete. Benin ta sami 9. Aka raba gardama ba tare da yaƙi ba.

Dole da Kamba da Ilo

In an gangara daga Gaya, sai Dole. Iyaka ta ratsa garin: sashe ɗaya na Nijar, ɗaya na Najeriya, wanda ake kira Dole Kaina. Dangi ɗaya ne, amma wannan yana riƙe da sefa, wancan naira. Kamba tana gabas da Gaya, cikin jahar Kabi. Ita ce mazaunin ƙaramar hukumar da ake kira Dandi. Ilo kuma tana ɗaya gefen kogi. Tsohon zango ne na fatake.

Shirin tafiya

Lokacin sanyi ya fi daɗin tafiya. Hanyoyin ƙasa sun bushe, kogi kuma yana cike, don ruwan da ya sauka a Gine sai wajen Disamba da Janairu yake isowa Dandi. Da damina fadamu suna cika, mota tana kafewa. Matafiyi ya riƙe takardar shaidarsa ta ɗan ƙasa, ya ɗauki gidan sauro. Ya tambayi halin hanya da na iyaka tun kafin ya bar gida. Kada ya shiga kwalekwalen da aka cika wa kaya, kada kuma ya matsa kusa da dorina. In ya sauka a ƙauye, ya fara zuwa gaida maigari.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashe ne suke haɗuwa a Dandi?
2. Yaya ake yin gishiri a Dallol Foga?
3. Me ya sa sare giginya barkatai yake da haɗari?
4. Su wa suka wahala da aka rufe gadar Gaya a 2023?
5. Yaya aka warware gardamar tsibirin Lete?
6. A zana taswirar hanya daga Yelu zuwa Gaya, a sa kogi da gada.